Farfaɗiyar da aka ce ta gagari magani: fashin baƙi a kan maganin balfuret da yadda ake riƙe shi a gida

A ranar da ake ganin masu farfaɗiya a manyan asibitocin Kano da Jigawa, akwai wata magana da ba a rasa ji daga bakin iyayen da suka baro ƙauye tun da asuba: “Likita, ciwon yaron nan ya gagari magani.” Mai faɗin haka yana da hujjarsa, domin ya ga ɗansa ya faɗi a gona, ya faɗi a makarantar allo, wataƙila ma ya taɓa faɗawa murhu, alhali akwai ƙwaya a gidan. Amma idan likita ya ce a nuna masa maganin, sai uban ya laluba aljihu ya zaro ƙullin baƙar leda, a ciki da takardar asibiti da ta sha naɗi, da katin ƙwaya guda mai saura biyu ko uku a jiki. Kwanan watan da ke kan takardar ya nuna maganin wata ɗaya aka rubuta, ga shi kuwa an shiga wata na uku. “To Malam, yaya aka yi maganin wata ɗaya ya kawo yau?” Uban ya dubi uwar, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, “Ai da muka ga ya samu sauƙi sai muka ɗan hutar da shi, in abin ya tashi sai mu ba shi.”

Likitoci ba sa kiran farfaɗiya gagararriya don kawai mai ita ya ci gaba da faɗuwa. A shekarar 2010 ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana farfaɗiya ta fitar da ma'aunin da ake bi har yau: sai an gwada magunguna biyu da suka dace da irin ciwon, an sha su daidai adadi kuma a kan lokaci, jiki ya karɓe su, amma duk da haka faɗuwar ba ta tsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan aka gano ciwon daidai aka ba su maganin da ya dace. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000 a kan marasa lafiya a birnin Gilasgo na Birtaniya ya nuna yadda abin yake tafiya: kashi 47 cikin ɗari sun daina faɗuwa da maganin farko, kashi 13 da na biyu, daga nan kuwa sai 'yan ƙalilan. Saura wajen kashi ɗaya cikin uku su ne masu gagararriyar ta gaskiya, kuma a wajenmu da yawa daga cikinsu yara ne da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu tun farko, ko ta doguwar naƙuda, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sai kuma samarin da suka bugu a ka a haɗarin babur.

Kafin a saka mutum a wannan sahu, akwai abubuwa biyu da ake dubawa ban da tsallake shan magani. Na farko nauyin jiki. Ana lissafa wa yaro magani ne da kilo, saboda haka yaron da aka rubuta wa miligiram 300 a rana yana da kilo 15, wato miligiram 20 ga kowane kilo, idan ya kai kilo 25 bayan wasu shekaru ana nan ana sayo masa adadin nan da tsohuwar takarda a kyamis, abin da yake samu ya koma miligiram 12 ga kowane kilo. Ciwon bai ƙaru ba, yaron ne ya girme wa maganinsa. Na biyu irin faɗuwar. Farfaɗiya iri-iri ce: akwai mai sandarewa da jijjiga da kumfar baki wadda kowa ya sani, akwai wadda yaro zai ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu yana kallon wuri guda har malami ya ɗauka iskanci ne, akwai mai zabura da sassafe har kofin koko ya suɓuce daga hannu, akwai kuma wadda jiki ke saki gaba ɗaya mutum ya kifa da fuska. Kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol, magani ne mai kyau ga wasu ire-iren, amma yana iya tsananta mai ɗauke wuta da mai zabura. Shi ya sa bidiyon minti ɗaya da wani ya ɗauka da waya lokacin da abin ya tashi ya fi wa likita amfani a kan doguwar ba da labari.

Maganin da likitoci suka fi komawa gare shi idan faɗuwar ta haɗa iri biyu ko uku, ko na farko ya kasa, shi ne balfuret. A jikin kwali za a ga an rubuta Sodium Valproate, mutane kuma sun fi riƙe sunan Epilim ko da na wani kamfanin suka saya. Tarihinsa da ban mamaki: tun 1882 aka haɗa sinadarin, aka shafe shekara tamanin ana amfani da shi wajen narkar da wasu sinadarai a ɗakin gwaji, sai a farkon shekarun 1960 wasu masu bincike a Faransa suka lura cewa duk abin da suka narkar a cikinsa yana hana dabbobin gwaji jijjiga, ashe ruwan narkarwar ne ke aikin. A 1967 Faransa ta amince a fara ba mutane, yau kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da ɗan ƙaramin lantarki, farfaɗiya kuwa ita ce lokacin da tarinsu suka ɓarke da aika saƙon a tare babu tsari. Balfuret yana ƙara ƙarfin wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke kwantar da kanta da shi, yana kuma rage saurin ɓarkewar. Faɗin aikinsa shi ne dalilin da ya sa ake son sa, kuma ƙarfinsa shi ne dalilin da ya sa ba maganin da za a saya da shawarar maƙwabci ba ne.

Abin da ya fi wuyar shiga zukatan mutane shi ne cewa wannan magani ba ya kashe ciwon kamar yadda maganin zazzaɓin cizon sauro ke yi a kwana uku. Tare ciwon yake yi, kuma yana tarewa ne muddin akwai isasshensa a cikin jini. A ɗauki jiki a matsayin randa mai yoyo: hanta tana ta fitar da maganin dare da rana, cikin awa 8 zuwa 20 rabin abin da ke jini ya tafi, saboda haka dole a riƙa zubawa safe da dare don kada ruwan ya sauka ƙasa da inda ake buƙata. Uwar da ta ce sun hutar da yaro saboda ya samu sauƙi ta ga sauƙin da gaske, abin da ba a yi mata bayani ba shi ne ƙwayar ce sauƙin. Kuma ba da ita bayan an faɗi ba ya mayar da abin da ya wuce. Wanda ya manta, ya sha da zarar ya tuna, sai fa in lokacin na gaba ya matso, a nan sai ya bar wanda ya wuce, kada ya haɗa biyu a lokaci guda. Hanya mafi sauƙi a gidan da ba a duba agogo ita ce a ɗaura shan maganin a kan salla, misali bayan Asuba da bayan Magariba, a kuma ba shi da ɗan abinci a ciki domin rage tashin zuciya.

Yanke maganin farat ɗaya ya fi tsallake shi haɗari nesa ba kusa ba. Ƙwaƙwalwar da ta saba da tarewa, idan aka janye mata a kwana ɗaya, tana iya ɓarkewa da faɗuwar da ta fi ta da muni, har ta kai ga irin wadda ba ta tsayawa, ko ta riƙa maimaituwa mutum bai farfaɗo a tsakani ba. Wannan yana kashewa, wanda ya tsira kuma yana iya tashi da sabuwar illa a ƙwaƙwalwa. Ma'aunin shi ne minti biyar: jijjigar da ta wuce haka ta zama ta gaggawa, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa, inda za a yi allurar da ke tsayar da ita. Kafin nan a kwantar da mutum a gefensa, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, kada kuma a ɗura masa ruwa ko rubutu ko manja, domin huhu za su tafi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, kuma gudun da ake yi a bar mai farfaɗiya shi kaɗai ya jawo ƙuna da nutsewar da ba su da dalili.

A gaskiya yawancin yankewar da ake yi a ƙauye ba ganganci ba ne, rashin kuɗi ne da nisan wuri. Balfuret ya fi fenobabiton, wani maganin farfaɗiyar, tsada sosai, ba kowane kyamis ke ajiye shi ba, kuma yakan ƙare ne a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanya ta lalace, kowa yana gona. Ra'ayina a nan shi ne a faɗa wa likita gaskiyar aljihu tun ranar farko ba tare da jin nauyi ba, domin magani mai araha da za a iya saye kowane wata ya fi mai tsada da za a sha mako biyu a bari. Wanda ya samu hali da kaka, ya sayi na wata biyu ko uku daga wuri amintacce, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya kuma mayar da ita ƙa'ida cewa idan saura na mako guda to maganin ya ƙare, a tashi nema. Raba ƙwaya gida biyu don ta kai ranar kasuwa yankewa ce a hankali.

Ajiya ma tana da nata sharaɗin, kuma a nan na ga kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya. Wata dattijuwa da ke riƙon jikanta ta ɓalle ƙwayoyin wata guda daga katinsu ta zuba a ƙaramar kwalba, wai don ta riƙa ƙirgawa, ta ajiye a bayan randa inda ya fi sanyi. Bayan kwanaki, a cikin watan Agusta, sai ta tarar sun yi laushi sun manne da juna. Balfuret yana jan danshi daga iska fiye da yawancin magunguna, shi ya sa ake rufe kowace ƙwaya a cikin marufi mai ƙyalli, kuma ba a ɓalle ta sai lokacin sha. A ajiye shi a inuwa, nesa da murhu da rufin kwano, inda yara ba sa kaiwa. Yawancin ƙwayoyinsa, masu miligiram 200 da 500, suna da rufi na musamman da ke hana su narkewa a tumbi, wasu kuma, irin waɗanda aka rubuta wa Chrono, an yi su ne su riƙa sakin maganin a hankali tsawon yini. Dakawa ko taunawa yana rushe wannan tsari. Yaron da ba ya iya haɗiya akwai na ruwa, wanda galibi yake da miligiram 200 a kowane mililita 5, kuma da sirinji ko ma'aunin da ya zo da shi ake auna shi, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba.

Sai maganar hanta, wadda ita ce illar da ba ta cika faruwa ba amma idan ta zo ba ta wasa. Haɗarin ya fi yawa a watanni shida na farko, kuma ya fi kan yara 'yan ƙasa da shekara uku, musamman masu shan maganin farfaɗiya fiye da ɗaya da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu, wato daidai yaran da ciwonsu ya fi wuya. Ana gwajin hanta kafin a fara da kuma lokaci-lokaci a waɗannan watanni, kuma ba a ba mai ciwon hanta. Wannan ba ƙaramin zance ba ne a ƙasar da binciken gwamnati na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, da yawansu ba su sani ba. Abin da ya sa nake jan hankali shi ne yadda alamomin ke kama da abin da muka saba gani: amai a kai a kai, ƙin abinci, kasala, yawan barci, ciwon ciki, kumburin fuska ko ƙafa, dawowar faɗuwa bayan ta lafa, daga baya ido ya yi rawaya. A ƙauye sunan wannan zazzaɓi ne ko shawara, maganinsa kuma allurar kyamis ko jiƙon saiwa, sai a ɓata kwana huɗu ko biyar ana haka. Ga mai shan balfuret, waɗannan alamomi na nufin asibiti a ranar, a tafi da kwalin maganin a hannu a nuna. Haka ma matsanancin ciwon ciki da amai, domin maganin yakan kumbura wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ke samar da insulin.

Yana kuma rage ƙwayoyin jinin da ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Yawan haɓo, jinin dasashi, ko tabon da ke fitowa a fata ba tare da an bugu ba, duk abin kai wa likita ne. Kuma kafin a kai yaro kaciya, ko a cire haƙori, ko a kira wanzami ya yi ƙaho ko ya cire beli, a tuna da wannan a nemi gwajin jini. Asfirin yana ƙara wannan haɗari, yana kuma ƙara ƙarfin balfuret a jini, ga shi yana ɓoye a cikin garin maganin ciwon kai irin su Alabukun da ake sayarwa a kan tebur. Farasitamol daidai ƙa'ida shi ya fi dacewa idan zazzaɓi ko ciwon kai ya zo.

Babbar magana, wadda kunya ta fi rufewa, ita ce ta 'ya'ya mata. Balfuret yana illa ga ɗan tayi fiye da kowane maganin farfaɗiya da aka saba amfani da shi. A cikin jarirai ɗari da iyayensu mata suka sha shi da ciki, kimanin 10 ake haifa da naƙasa a jiki, alhali a sauran jama'a 2 ne zuwa 3. Daga ciki akwai buɗaɗɗen gadon baya, da tsagaggen leɓe ko ganɗa, da matsalar zuciya, da ta gaɓoɓi. Abin da ya fi wannan yawa shi ne wanda ba a gani ranar suna: tsakanin 30 zuwa 40 cikin ɗari na waɗannan yara suna samun jinkirin magana ko tafiya, ko wahalar fahimta da karatu. Gadon bayan ɗan tayi yana rufewa ne cikin kimanin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace ba ta ma gama tabbatar da ɓatan wata ba, saboda haka jiran ranar awo ya makara. Wannan ne ya sa a 2018 hukumomin magunguna na Turai da Birtaniya suka hana ba mace mai iya ɗaukar ciki sai da tsari na musamman na hana ɗaukar cikin, a 2024 Birtaniya ta ƙara da cewa ba za a fara ba duk wanda bai kai shekara 55 ba sai ƙwararrun likitoci biyu sun yarda babu wata mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2023 ta ba da shawarar a fifita lamotirijin ko lebetirasitam, wanda aka fi sani da Keppra, ga mata da 'yan matan da ke shekarun haihuwa.

A duba yadda wannan ke faɗowa a gidajenmu. An fara ba yarinya maganin tana shekara takwas, ya karɓe ta, ta daina faɗuwa, har unguwa ta manta. Ta zama budurwa, masu nema suka fito, iyaye suka yi shiru da zancen ciwon don kada auren ya lalace, domin kowa ya san yadda ake gudun gidan da aka ce akwai farfaɗiya. Daga nan ɗayan biyu ne: ko ta tafi ɗakin miji da ƙwayoyinta a ƙasan akwati tana sha a ɓoye har ciki ya shiga, ko uwa ta ce ta bari tun daga ranar kamu don kada dangin miji su gani, ta faɗi a makon farko a bakin murhu. Duk biyun ana iya kauce musu, amma sai an fara da wuri, domin sauya magani ba aikin mako guda ba ne: ana shigar da sabon a hankali, ana janye tsohon a hankali, yakan ɗauki watanni. Lokacin ɗaga zancen a gaban likita shi ne sa'ad da yarinya ta fara al'ada, ba bayan an sa rana ba. Kuma ina ganin ɓoye wa mijin zalunci ne ga yarinyar kafin kowa, domin shi ne zai sayi maganin, shi ne zai ba da izinin zuwa asibiti, shi ne kuma zai kasance a ɗakin da daddare idan abin ya tashi.

Wadda ta riga ta samu ciki tana kan balfuret kada ta yanke shi da kanta, ko da ta karanta duk abin da ke sama ta tsorata. Babbar faɗuwa da ciki tana iya halaka uwa da ɗa a tare. Ta je wurin likita cikin kwanakin nan, shi zai duba ko a sauya, ko a rage zuwa mafi ƙarancin abin da zai riƙe ta, domin akwai matan da babu abin da ke tare musu ciwon sai shi. Folik asid da ake ba masu ciki yana da amfani kuma ana son a fara shi tun kafin cikin, amma ba ya goge haɗarin balfuret. Game da tazarar haihuwa, balfuret ba ya raunana magungunanta, amma wasu magungunan farfaɗiyar, wato kabamazafin da fenobabiton da fenitoyin, suna raunana ƙwayar sha da ashanar fata, ba sa taɓa allurar wata uku da robar mahaifa, don haka ma'aikaciyar da ke ba da tazarar tana buƙatar ta san abin da mace ke sha. Shayarwa galibi ba a hana ta, domin kaɗan ne ke fita a nono. Maza ma a 2024 hukumomin Turai sun ja hankali cewa mai yiwuwa akwai ɗan ƙarin haɗari ga yaran da aka samu cikinsu uban yana shan maganin a watanni uku kafin nan, don haka mai shirin aure ya tattauna da likitansa.

Mai gagararriyar farfaɗiya yakan sha magani biyu ko uku a tare, kuma suna taɓa juna. Balfuret yana hana fenobabiton fita daga jiki da wuri, sai yaro ya riƙa barci kamar an yi masa duka, iyaye su ɗauka ciwon ne ke cin sa. Abin ya fi haka da lamotirijin, domin balfuret yana ninka zamansa a jini, shi ya sa likita ke fara lamotirijin da ɗan mitsitsin adadi yana ƙarawa mako-mako, abin da kan sa mai gaggawa ya ga kamar ana ja masa rai. Dalilin shi ne wasu ƙuraje masu haɗari da kan fito galibi a makonni takwas na farko, su fara kamar ƙyanda, da zazzaɓi da gyambon baki da jan ido, su kai ga saɓulewar fata. Duk ƙurjin da ya fito a wannan lokaci a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa masa magani. Idan kuma lamotirijin ya yanke na kwanaki, kamar biyar, ba a komawa kan tsohon adadi kai tsaye, sai an tambayi likita. Daga waje kuwa, taramol yana tayar da faɗuwa ko ga mai lafiya, balle mai farfaɗiya, kuma samarin da ke sha don ƙarfin noma ko aikin lebura su san da haka. Maganin zazzaɓi mai suna mefulokwin ba a ba mai farfaɗiya. Wasu allurai masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa wanda aka kwantar, irin su merofenem, suna zubar da balfuret daga jini cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba a buƙatar kowa ya haddace waɗannan sunaye, abin da ake buƙata shi ne duk inda aka je neman magani, ko na tari ne, a fara da cewa, “Yana shan maganin farfaɗiya, ga shi.”

Ba na cikin masu faɗa da addu'a ko ruƙiyya, kuma ban ga likitan kirki da zai hana su ba. Inda matsala take shi ne sharaɗin da wasu masu magani ke kafawa cewa sai an ajiye na asibiti kafin nasu ya ci, da kuma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, waɗanda hanta ɗaya za su bi da balfuret. Azumi kuma a shirya masa tun watan Sha'aban: likita yana iya mayar da shan maganin sahur da buɗa-baki, ko ya sauya zuwa irin mai aiki a hankali, ko ya ce wannan mutum bai kamata ya yi ba, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, saboda haka raya dare da hirar bayan asham sai an yi musu lissafi.

Akwai ƙananan illoli da ba sa kashewa amma su suka fi sa mutane barin magani a ɓoye: ƙiba da yawan jin yunwa, rawar hannu, zubar gashi wanda galibi yakan dawo, da rikicewar al'ada ga mata. Budurwar da ta ga gashinta yana bin mataji ba za ta faɗa wa mahaifinta ba, za ta daina haɗiye ƙwayar ne kawai. A tambaye ta, a kai zancen ga likita, domin sau da yawa gyaran adadi yana wadatarwa. Kuma muddin faɗuwa ba ta tsaya ba, mai ita ya nisanci jan ruwa a rijiya, wanka a kududdufi ko kogi, hawan bishiya, tuƙa babur, da girki shi kaɗai.

Wanda ya shekara biyu bai faɗi ba, likita yana iya duba yiwuwar janye maganin, a hankali cikin watanni, ko da yake masu ciwo mai wuya da yawa za su ci gaba da sha shekaru masu yawa ko har iyakar rai. Wanda kuma aka yi komai daidai, magani biyu suka kasa, lokaci ya yi da za a nemi takardar turawa zuwa inda ƙwararru suke, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa da hoton kai, domin a tabbatar da irin ciwon a sake zaɓen magani a kan sani. Mai wannan tafiya ya riƙe kwalayen duk abin da ake sha har da na gargajiya, da bidiyon da ke waya, da ɗan littafin makaranta da aka riƙa rubuta ranar kowace faɗuwa da lokacinta da abin da ya gabace ta, ko da ajami ne, ko da zane ne a jikin kalanda. A kuma tafi da mai ba da maganin da hannunta, uwa ce ko kaka ko yaya, ko da kuɗin mota zai ƙaru, domin likita zai tambayi ƙarfe nawa yaron ya sha na daren jiya, da sau nawa aka tsallake a watan nan, kuma uban da ya wuni a gona ba shi da wannan amsar.